A-kori-kurar Baba da hawan dutse: raina yana so, gida ya ƙi

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a nan Kaduna, shekaruna 34, ina da mata da yara biyu. Tun da na yi bautar ƙasa a Jos na kamu da son hawan dutse, in na daɗe ban hau ba har ƙirjina yake cushewa. Da aka raba gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tsohuwar Hilux ɗinsa mai ƙofa huɗu ta faɗo a rabona. Na tara N800,000, ina so in kai ta Panteka, kasuwar masu walda da ƙira, a yi mata ɗakin ƙarfe a baya, da gado da wurin girki, in riƙa kwana a gindin dutse ba sai na kama ɗaki ba. Mai ɗakina ta yi kuka, ta ce zan kai kaina hannun masu garkuwa. Yayana, wanda duk kaka yake karɓar motar ya kwaso masara daga gonar gidanmu ta wajen Saminaka, ya ce zan lalata motar Baba a kan wasan yara. Hajiya ba ta sani ba tukuna. Yaya zan yi aikin ya yi kyau, kuma yaya zan yi da mutanen gida?

Mai karatu daga Unguwar Dosa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Ba zan ce maka ka bar hawan dutse ba. Wanda ya taɓa tsayawa a kan Kufena da sanyin safiya, Wusasa na ƙarƙashinsa, Zariya na can tana fitowa daga cikin hazo, ya san abin da ke cushe maka ƙirji in ka daɗe a ƙasa. Kakanninmu ma a jikin duwatsu suka kafa garuruwa, Dala a Kano, Turunku da Kufena a ƙasar Zazzau. Don haka da yayanka ya ce wasan yara ne, ban bi shi a nan ba. Amma da ya ce za ka lalata motar, in dai ɗakin ƙarfen nan ne za a manna mata da walda, gaskiya ya faɗa. Shawarata guda ce, sauran duk rassanta ne: kada wutar walda ta taɓa jikin motar nan. Duk abin da za a ƙera a ƙera shi a ƙasa, a ɗora, a ɗaure da noti, yadda mutum biyu za su sauke shi tsakanin la'asar da magariba, mota ta koma a-kori-kurarta kamar yadda Baba ya bar ta.

Kafin ka nufi Panteka, nemi tef ɗin awo ka hau bayan motar. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu gajere ne, mita ɗaya da rabi ne da 'yan kai, domin kujerun baya sun cinye wurin. Mai ƙofa biyu ce ke da bodin da ya haura mita 2. Kai kuwa tsayinka ya wuce mita ɗaya da rabi, ke nan in aka rufe marfin baya ba za ka miƙe ƙafa ba, sai dai ka kwanta a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, shi ma na mutum ɗaya ne. Mafitar tana jikin marfin kansa. In ka sauke shi da dare zai ƙara maka kusan rabin mita, sai gado ya zarce kansa da fallen katako guda mai naɗewa, rumfa ta sauko ta rufe shi har ƙasa. Ka ga tun daga nan ɗakin ƙarfe rufaffe ya sha ƙasa, domin shi ba ya miƙewa.

Gadon kansa aikin kafinta ne. Tudun nan biyu da ke rufe tayoyin baya su ne za su hana ka shimfiɗa katifa a ƙasan bodi, saboda abin da ke tsakaninsu bai fi mita ɗaya da kaɗan ba. Sai a yi dandamali da ya ɗan haye su, ya cika faɗin bodi daga gefe zuwa gefe. Filawud mai kaurin milimita 18 ya isa, falle guda mai ƙafa 4 da ƙafa 8, a yanka shi gida biyu ko uku yadda kowane yanki zai ɗagu da hannu ɗaya, a sa masa ƙafafu da katanga guda a tsakiya don kada ya lotsa. Ƙarƙashinsa ya zama ma'ajiya. Kada ka ɓata kuɗi a kan durowa masu ƙarfen zamiya, ƙurar hunturu za ta cike su su ƙi buɗewa. Akwatunan roba masu murfi, irin na kasuwa, ka ɗaura wa kowanne igiya ka riƙa jawo shi, sun fi dawwama. A shafa wa katakon fenti ko banish ta kowane gefe, musamman bakin da aka yanka, domin ta nan ruwa ke shiga ya kumbura shi.

Tsayin rufi kuma ga yadda za ka samo shi. Zauna a kan katifar da za ka yi amfani da ita, ka jingina da bango, ka miƙe bayanka, ka roƙi mai ɗakinka ta sa alli ta ja layi daidai saman kanka. Ƙara faɗin tafin hannu, wannan shi ne abin da kake buƙata daga dandamali zuwa rufi. Za ka ga ya ɗara rufin gaban motar. Duk abin da ya ɗara ɗin iska ce za ta riƙa dukansa a hanya, mai ya ƙara tafiya, mota ta riƙa rangaji a kwana. Saboda haka ko dai ka rage tsayin dandamali iya yadda tudun taya ya yarda, ko a yi maka rumfa mai sanduna masu zarewa, a hanya tana daidai da rufin gaba, in ka yada zango ka ɗaga ta. Ni ta biyun zan zaɓa. Kuma ba don wasa na ce ita ta riƙe allin ba, zan dawo kan wannan.

Yanzu Panteka. Babu abin da ba a ƙerawa a kasuwar nan, na ga an mayar da tarkacen da aka zubar injin da ke ciyar da gida. Sai dai yawancin masu waldar da za ka samu hannunsu ya saba da ƙofar gida da tankin ruwa da gadon ƙarfe, inda kauri shi ne nagarta. In ka ce a yi maka mai ƙwari, mai nauyi za a yi maka, kuma da kyakkyawar niyya. Kai ne za ka zo da lissafi. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1, kowace murabba'in mita ta kusa kilo 8. Alminiyam mai wannan kaurin bai kai kilo 3 ba. Tamfol mai kyau bai kai ko kusa ba. Fallen filawud ɗin nan ya doshi kilo 30. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ban da nauyin jarkar. Sai batir, da tukunyar gas, da safayar taya, da jek, da abinci, da kai da abokan tafiya, domin nauyin da kamfani ya yarda motar ta ɗauka ya haɗa har da mutanen da ke ciki. Lambar tana kan ɗan farantin da ke jikin motar ko cikin littafinta, ka nemo ta. Motar da ta yi shekaru tana dakon masara kuwa sifirinta ya gaji, kada ka kai ta ko kusa da iyakar.

Inda aka ajiye nauyin ya fi yawansa muhimmanci. Duk abu mai nauyi, ruwa da batir, ya zauna ƙasa kuma can gaba, manne da bayan kujeru, gaban layin tayoyin baya. Mai ƙofa huɗu rabin bodinta yana rataye ne a bayan taya, in ka jibga nauyi a wutsiya kana bin hanyar ƙauye mai ramuka, gaba zai yi sakayau, sitiyari ya yi sako-sako, casis ma yana iya lanƙwasawa. Kada ka yarda a ɗora jarkoki a kan rufi. Firam ɗin rumfa a yi shi da siririn bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ya zauna a kan leɓen bodi da roba a tsakani, a kama shi da maɗauri ko da ƙugiyoyin ɗaure kaya da suka zo da motar. In dole sai an huda, ka sunkuya da kanka ka duba ƙasa, tankin mai da bututun birki da wayoyi duk a ƙarƙashin bodin nan suke. Kuma kafin a sayi ko bututu ɗaya, kai ta wajen makanike ya duba birki, taya, sifirin, lagireto da salansa. Gado mai kyau a kan motar da za ta mutu a hanyar Pambeguwa da yamma ba abin da zai tsinana maka.

Tamfol yana da wata fa'idar da ba ta nauyi ba. Akwatin ƙarfe a ranar watan Maris tanda ne, har tsakar dare yana amayar da zafin da ya sha. Rumfar tamfol mai haske, da taga biyu masu fuskantar juna, kowacce da ragar sauro da aka ɗinke mata, tana numfashi. Duk da haka ka rataya gidan sauro a ciki. Akwai kuma shingen jami'an tsaro. Motar da aka rufe ruf, ba taga, ko aka sa mata baƙin gilashi, tambaya take jawowa a kowane shinge, baƙin gilashi ma sai da izinin 'yan sanda. Wadda za ka ɗage tamfol da hannu ɗaya a ga katifa da tukunya da buta, nan take ake sallamarta. Takardun mota su cika, tukunyar kashe gobara ta kasance inda hannu zai kai gare ta cikin duhu.

Wurin girkin da ka ambata, cire shi daga ciki gaba ɗaya. A nan zan ɗan daɗe, domin na ɗanɗana. Shekarun baya, lokacin da a-kori-kurar Peugeot 504 ta cika garin nan, na bi wata mota zuwa kasuwar ƙauye, dare ya yi mana, muka kwana mu uku a baya. Sanyin hunturu ya hana barci, sai ɗayanmu ya karɓo kaskon garwashi wajen mai shayi, muka sa a tsakiya, muka ja tamfol muka danne bakinsa da duwatsu don kada iska ta shigo. Ɗumin ya yi daɗi, barci ya kwashe mu. Na farka kaina kamar ana sara shi da gatari, zuciyata na tashi, na yunƙura in miƙe ƙafafuna suka ƙi. Direban da ya kwana a gaba ne ya fito alwala, ya ji wani yana kakari, ya yaye tamfol ya jawo mu ɗaya bayan ɗaya kan ƙasa. Ƙaramin cikinmu sai da aka kai shi asibiti. Ba mu ji warin komai ba, domin iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen wuri, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da ke raya jiki, mai barci kuma ba ya sanin yana tafiya. Irinta ce ke fita daga janareta, da risho, da salansar motarka. Don haka ba gawayi a ciki, ba risho, ba kunna inji don a ji ɗumi, janareta kuma kada ma ka tafi da shi. In sanyin Jos na Disamba kake tsoro, bargo biyu da hular sanyi da safa sun gama magana. Girki a waje, a kan ɗan tebur ko dutse. Tukunyar gas a tsaye, a ɗaure, inda iska ke ratsawa, kuma a fitar da ita kafin a kwanta, domin gas ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasan bodi yake taruwa. Kada ka ɗauki kowa a bayan nan mota na tafiya, yaranka musamman, hayaƙin salansa ta bakin marfin baya yake komowa ciki.

Wuta kaɗan kake buƙata: fitila, cajin waya, ƙaramar fanka. Farantin sola mai wat 100 da batir nasa na daban sun isa. Kada ka ja daga batirin mota, ranar da za ka fi buƙatar ta tashi ita ce ranar da zai mutu. A sa fiyus dab da kan batir, kuma mai aikin wayar mota ya yi haɗin. Sai abin da ya shafi ranka kai tsaye: igiyar hawa kada ta kwana wuri ɗaya da batir. Igiyar nan nailan ce, ruwan batir yana cinye ta ta ciki ba tare da ido ya ga alama ba, sai ranar da aka faɗa a kanta. A ware mata akwati nata mai murfi, ita da ɗamarar hawa, nesa da batir da fetur da rana, in ma da hali a kujerar baya cikin mota. Igiyar kasuwa ta guga ko ta ɗaure kaya ba ta hawa ba ce ko yaya kaurinta. Ta hawa tana ɗan miƙewa ta shanye ƙarfin faɗuwa, tana kuma ɗauke da shaidar gwaji ta UIAA, ƙungiyar masu hawan dutse ta duniya. Ɗamara da igiya ba a saye a gwanjo, domin ba ka san abin da suka gani ba. In hawanka na ƙafa ne, ba na rataya ba, takalmi mai kama dutse da hular kwano sun fi maka komai. In kuma kana son na igiya da gaske, tun da ka san Jos, ka san akwai makarantar horo a Duwatsun Shere, ta Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, uwar ƙungiyar Man O' War. Ka je ka koya a hannun mutane, kada ka tsaya kan bidiyon waya.

To, mu koma kan kukan mai ɗakinka, wanda shi ne ainihin wasiƙarka. Ƙanena, matar nan a Kaduna take zaune. Tana nan aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022. Tana nan aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga cikin Maris 2024. Da ka ce mata za ka kwana a gindin dutse, abin da ta gani shi ne wayarta na ƙara da baƙuwar lamba. Kada ka ce mata tsoro ya yi mata yawa, kuma kada ka rufe mata baki da cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne ba makawa, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Hotunan da ake gani na Turawa a Amurka, mutum shi kaɗai da motarsa a tsakiyar daji, na ƙasarsu ne da dokokinsu da wuraren zango da aka keɓe. A nan ba haka za ka yi ba, kuma ina so ka cire wannan hoton daga ranka tun yanzu.

A ƙasarmu da ɗan gari akan ci gari. Motarka ba za ta kwana a daji ba, a cikin mutane za ta kwana. Ka isa da rana tsaka, ka nemi mai unguwa ko dagaci, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi sunanka da aikinka da abin da ya kawo ka, ka nuna katin makarantarku. Ka roƙi inda za ka ajiye mota, ƙofar gidansa ko harabar makaranta ko kusa da ofishin 'yan sanda, ka kuma roƙi saurayi guda ɗan garin da zai hau da ku, ka biya shi hakkinsa da kyau. Shi ya san tsagin da zuma ta yi gida, da kogon da kumurci ke kwana, da gefen da ba a taka wa baƙo saboda al'adar mutanen wurin. A Kagoro, misali, dutsen ba kango ba ne, akwai mutanen da ke zaune a kansa, gidan wasu za ka shiga. Ka tuna kuma yadda kake a idon wanda bai san ka ba: baƙo da rufaffiyar mota da igiyoyi da waya yana ɗaukar hoton duwatsu. A wannan zamani 'yan banga suna iya ɗaukarka ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Gaisuwar da ka yi da rana ita ce za ta yi maka magana da dare.

Kada ka tafi kai kaɗai, ku zama uku. Hadisi ya tabbata cewa da mutane sun san abin da ke cikin kaɗaici, da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. A dutse ma lissafin haka yake, in ɗaya ya karye, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya sauka neman taimako. Ba tuƙin dare ko kaɗan. Kafin kowace tafiya ka je tasha ka tambayi direbobin da suka bi hanyar jiya da yau, su ne ke da labarin da ya fi na kowa sabunta, in suka ce a dakata ka dakata ko da ka riga ka loda kaya. Akwai duwatsu masu kyau a jihar nan da zan ce ka bar su sai Allah ya kawo sauƙi, duk inda hanya ta ratsa dajin da aka san ana tare mutane. Kuma kada ka sa a Facebook inda za ka kwana, hoto ya jira sai ka dawo gida.

Duk wannan ka zauna ka shimfiɗa mata shi dalla-dalla, ba a tsaye kana shirin fita ba. Ka ba ta hakkin da zai sa hankalinta ya kwanta: ta san garin, ta san sunan mai masaukinka da lambarsa, ta san abokan tafiyarka da matansu, ta san lokacin da za ka kira, kuma in ta ce wannan karon zuciyarta ba ta kwanta ba, ka fasa ba tare da ɗaure fuska ba. Abin da ya sa na ce ta riƙe alli ke nan. Abin da aka yi da hannun mutum ba ya zame masa kishiya. Daren farko a cikin motar ku yi shi a ƙofar gida ko tsakar gida, da yara, su yi ta murna, kai kuma ka gano inda sauro ke shiga da inda katako ke ƙara. Tafiyar farko ta yini ce, Kufena, kilomita 80 ko kusa da haka daga nan, ku tafi da safe da ita da yara da kular abinci, ku dawo kafin magariba. Ta ga abin da kake gani in ka hau. Mai yiwuwa ba za ta so shi ba har abada, amma za ta san inda zuciyarka ke zuwa.

Yayanka kuma, ina jin ba masara kaɗai ke damunsa ba. Motar nan ita ce abin da ya rage da ke da ƙamshin mahaifinku, shi kuma duk kaka in ya zauna a kujerar da Baba ke zama, wani abu yake ji. Hakkinka ce a shari'a, ba mai ja, amma kada ka je masa da wannan. Ka je gidansa da ƙafarka, ba ta waya ba, ka ce, Yaya, na ji maganarka, ba za a yi wa motar Baba walda ba, ga yadda za a yi, noti kaza ne, in kaka ta zo ni da kai za mu sauke. Ka ba shi watannin girbi ba tare da ya roƙa ba. Na san akwai ciwo a nan, domin kaka tana cin farkon lokacin hawa mafi kyau. Da damina falalen dutse santsi ne da shi, ga gansakuka, ga tsawa da ke neman wuri mai tsayi. Maris da Afrilu kuma dutse yana ƙona tafin hannu tun hantsi. Abin da ya rage shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Bar masa har ya gama kwasar amfaninsa, hutun Disamba da Janairu da Fabrairu naka ne, sun ishi malamin makaranta. In akwai carbin Baba a rataye a madubi ko wani abin da ya saba ajiyewa a gaba, ka bar shi inda yake.

Hajiya kada ta ji a bakin wani. Kai za ka gaya mata, bayan ka daidaita da yayanka, zai fi kyau ma ku je tare. In ta sa albarka, alhamdu lillahi. In ta ce ba ta yarda da kwana ba, ka tsaya a tafiyar yini, ka ci gaba da lallaɓa ta, kada ka yi mata wayo. Uwar da ta binne miji ba ta da ƙarfin zaman jiran waya.

Kuɗin nan kuwa, ban san halin gidanka ba sai abin da ka faɗa, amma malami mai yara biyu ya fara ware kuɗin makaranta da na haya da na asibiti, ya nuna wa mai ɗakinsa ya ware. Abin da ya rage ka kasa shi. Gyaran mota shi ne farko. Sai dandamali da katifa da firam da tamfol da gidan sauro, waɗanda bai kamata su cinye ko rabin abin da ka tara ba. Hular kwano da takalmi da akwatin magani su zo kafin sola. Sola ta jira sai ka yi kwana uku ko huɗu a ciki ka ga abin da ka rasa da gaske, za ka yi mamakin ƙanƙantarsa. A akwatin maganin ka sa bandeji da gishirin zawo, ka kuma san asibiti mafi kusa da duk inda za ka. In maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar tamau, a hana ta motsi a ɗauke shi zuwa asibiti. Saboda haka ne ma mota za ta kwana gabanta na kallon hanyar fita, tanki da mai, makulli a inda ku ukun kuka sani.

In ka yi awon, rubuto min tsawo da faɗin bodin da tsayin layin allin, mu duba tare kafin kafinta ya sa zarto. Ka gaishe min da Hajiya da yayanka.